Ruwan Kututturen Ayaba

Bridget ta shigo gidana da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zauna a bakin rijiya. Ina ce mata yarinya har yau, alhali ta ba arba'in baya. Tun tana 'yar firamare take shigowa gidan nan na Fagge, lokacin da maigidana marigayi Malam Baffa yake koyar da su, kuma ban taɓa ganin ta zo hannu rabbana ba sai ranar. Ko ɗankwalinta a karkace yake.

Ta ce babanta ya ƙi shan ruwa tun shekaranjiya.

Baban nata, Baba Augustine, aminin Malam ne na ƙut da ƙut. Shekara da shekaru yana da shagon madara da sabulu a Kasuwar Singa, Hausa kuwa a bakinsa har ta fi tawa gishiri. Bara waccan ciwon mantuwa ya kama shi. Da farko hanyar coci ya riƙa ɓacewa a cikin Sabon Gari, unguwar da ya sani kamar tafin hannunsa. Daga baya Hausar ta soma zubewa, ya koma harshen Ibo. Sannan ya daina gane 'yarsa, ya koma kiran ta Adaugo, sunan wata ƙanwarsa da ta rasu tun lokacin yaƙin basasa. Wannan ne abin da Bridget ba ta iya jurewa. Duk sanda ya kira ta da sunan sai ta dafa ƙirji ta ce ita Bridget ce, 'yarsa ta fari. Ta taɓa gaya mini cewa ranar da ta amsa sunan nan, ranar ta rasa uba.

Na tambaye ta asibiti. Ta ce sun je. An sa masa ƙarin ruwa ya fizge allurar, aka sake sawa ya sake fizgewa, da aka ɗaure masa hannu a jikin gado sai ya yi ta kuka yana kiran uwarsa, ita kuwa ta ce a kwance mata uba. Likita ya gaya mata gaskiya: a wannan zafin, tsoho irinsa in bai sha ruwa ba ƙoda za ta tsaya. A gida ta gwada ruwan leda, ta gwada na gora, ta yi shayi, ta sayo lemo. Ya rufe baki gam.

"Inna, har sha na yi a gabansa don ya gani," in ji ta. "Ya buge kofin daga bakina, ya riƙe ni yana jijjigawa. Wai rafin nan ba shi da kyau, in tofar."

Na waiwaya na dubi ayabar da ke kusurwar tsakar gida.

Ayabar nan Baba Augustine ne ya kawo ɗanta daga garinsu, da daɗewa, ya ce gidan hayarsa duk siminti ne, a ba shi aron ƙasa. Ya dasa ta inda ruwan alwalar Malam yake malala. Ni kuwa na yi ta mita, don ba ta tsinana mini komai sai sauro, in ta yi 'ya'ya ma 'yan firit kamar yatsun jariri. Ita kuma ba ta mutuwa, uwa ta bushe 'ya'ya su taso a gindinta. Wata rana na ce sai na sa an tumɓuke ta. Malam ya ajiye littafin da yake dubawa ya ce in zauna, ya ba ni labarin da amininsa ya ba shi.

Da yaƙi ya iso ƙauyensu, Augustine yana ɗan saurayi, gudu ya raba shi da iyayensa. Ya faɗa daji da ƙanwarsa Adaugo. Rafukan wajen duk sun ɓaci da gawa, wanda ya sha ba ya kai labari. Amma kakansa ya taɓa koya masa dabara: a sare ayaba kusa da ƙasa, a rarake tsakiyar kututturen kamar ƙwarya, a rufe da ganye, saiwa za ta turo ruwa ya taru. Suka dace da wata gonar da masu ita suka gudu. Ya sare, ya rarake, ya rufe, ya ce wa yarinyar ta jira, shi zai dubo rogo. Ƙishirwa ta ci ƙarfinta, ta gangara rafi. Da ya dawo ya tarar da kututturen cike da ruwa garau, ita kuma ta soma amai. Da hannunsa ya binne ta a gonar.

Tun daga ranar ban ƙara ɗaga wa ayabar murya ba. Ban kuma gaya wa kowa ba, don ba labarina ba ne. Amma ga Bridget zaune a gabana, uban yana can yana bushewa. Na nemi gafarar Malam a zuciyata, na kwashe duka na gaya mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ayabar, sannan ta tambaye ni ko ina da adda.

A nan, in faɗi gaskiya, ban so ba. Bana ne kaɗai ayabar nan ta yi abin kirki: babbar ta goya nono guda mai nauyi, har na tokare ta da gora, na yi ta gadi daga awakin maƙwabta da jikokina, waɗanda ban san waɗanne suka fi ɓarna ba. Saura ƙiris ta nuna. Na ce mata ga ƙanana nan, a sare ɗaya. Ta ce babbar ta fi saiwa, ita za ta fi ba da ruwa. Yarinyar nan taurin kan ubanta ta kwaso kaf. Na shiga ɗaki na ɗauko addar.

Na ba ta shawarar mu sare yanzu, in ruwan ya taru ta ɗura a gora ta kai masa. Ta girgiza kai. Ta ce in ya gan shi a gora ruwan rafi ne a wurinsa, sai ya gani da idonsa. Na ce mutumin da ko zama ba ya iyawa, a wannan rana? Ta gyara ɗankwali ta fita.

Ta daɗe ba ta dawo ba. Daga baya na ji cewa ɗan adaidaita na farko da ya leƙa ya ga tsohon cewa ya yi ba ya ɗaukar rigima, na biyu ma haka, sai wani dattijo ya yarda. Cunkoson Singa ya riƙe su, tana yi wa uban fifita da kwali. Lungunmu kuwa adaidaita ba ya shiga. Ina tsaye a zaure na hango ta tafe da shi goye a baya, ta ɗaure shi da zani, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta. Matan lungu suka fito suna sannu, ba ta tsaya amsa wa kowa ba.

Da na gan shi sai da hawaye suka zo mini. Mutumin da yake cika zauren nan da dariya ya koma kamar kara. Leɓensa ya tsattsage, idanu sun faɗa. Na shimfiɗa tabarma a inuwa kusa da ayabar, muka jingina shi da bango. Na ce, "Sannu da zuwa, Baba Augustine." Ya dube ni kamar bai taɓa cin tuwona ba.

Bridget ta ɗaga adda za ta sara daidai ƙugunta. Sai muka ji muryar tsohon a bayanmu, a shaƙe. Ya ɗaga hannu yana nuna ƙasa. Ta ce wai ta yi sama da yawa. Ta sauko, ya ce ta ƙara. Sai da ta durƙusa, ya rage kamar taƙi guda daga ƙasa, sannan ya gyaɗa kai. Ba ta iya sara ba ko kaɗan, mai sayar da atamfa ina ta san adda, amma ta yi ta kai mata har ayabar ta yi ƙara ta kwanta, nonon ya daki ƙasa. Na kawar da kai.

Tsohon nan da aka goyo, sai ga shi yana jan jiki zuwa gindin kututturen. Ya karɓi wuƙar da na miƙa, ya zana da'ira a tsakiya, ya nuna mata ta rarake. Na kawo babban cokali. Tana kwasa yana leƙawa, yana faɗa, yana nuna inda ta yi zurfi da inda ta kusa huda gefe. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun Malam yana da rai. Da ramin ya yi masa, ya yago ganye ya rufe, ya ɗora dutse. Sannan ya kama wuyan hannun Bridget ya riƙe.

Muka zauna. Aka kira azahar, na yi salla na dawo, suna nan yadda na bar su. Ta so ta gyara zama ya ƙara matse hannun. Rana ta juyo, na ɗaura tsohon zani a igiyar shanya na yi musu inuwa. Ni da kaina ƙishirwa ta dame ni, sai ɗaki na shiga na sha a ɓoye kamar mai satar azumi.

Da ya ɗaga ganyen, ruwa ya taru, ba yawa, amma ruwa ne. Na yi hamdala, na miƙa ɗan ludayi. Ya ɗiba, ya taɓa da harshe, ya yamutsa fuska, ya watsar a ƙasa. Ya kwashe sauran tas ya zubar, ya mayar da ganye.

Na ce, "Bridget, zubarwa fa yake yi."

"Wai na fari bauri ne da shi," in ji ta. "Sai an zubar."

Na ga yadda take kallon ƙasar da ta shanye ruwan. Haushi ya kama ni, da tsoro. Na raɗa mata cewa in ya lumshe ido zan zuba ruwan randa a ramin, wa zai gaya masa? Ta ce a'a. Ta ce zai ɗanɗana ya gane, kuma in ya gane ba zai ƙara yarda da kututturen ba, ba su da wani abin bayan wannan. Na haƙura, don ta fi ni gaskiya.

Na biyu ma ya zubar. Zuwa lokacin kansa ya soma langaɓewa, numfashinsa sama-sama. Sau da yawa na zaci ya tafi, sai in ga yatsun nan har yanzu suna riƙe da hannunta. Bridget ta jiƙe sharkaf da gumi, ita ma tun safe ko ɗigo bai shiga bakinta ba, ta kuma ƙi motsawa. Na yi ta addu'a, ita ma leɓenta yana motsi da tata.

Bayan la'asar ya sake ɗaga ganyen. Ruwan ya kusa cika ramin, garau, har ana ganin ƙasansa. Ya ɗiba ya taɓa da harshe. Bai zubar ba.

Na ƙagu in ga ya kai baki. Sai ya juya ya miƙa wa 'yarsa ludayin.

"Adaugo," ya ce.

Ta tura masa ludayin a hankali, ta yi masa magana da harshensu, na san cewa take ya sha. Ya girgiza kai. Ya sake miƙawa, ruwan yana zuba a yatsunsa.

"Adaugo."

Na ga hannunta ya tashi zai dafa ƙirji, yadda ta saba. Na san abin da ke bakinta, na kuma san abin da ta taɓa gaya mini game da sunan nan. Hannun ya tsaya a hanya. Ta dube ni.

Ta amsa. Ba na jin Ibo, amma amsa kira ba ta ɓuya a kowane harshe. Ta sunkuya ta kafa baki a ludayin da ke hannunsa ta shanye. Ya zuba mata ido, yana kallon maƙogwaronta, yana shafa mata kai. Ya ɗebo wani ya ba ta, ta sha. Ya jira, kamar mai sauraron wani abu. Da ya ga tana nan zaune lafiya, sai fuskarsa ta saki, ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana.

Sannan ya ɗiba ya sha. Ya ƙara. Ya ƙara, har ludayin yana kankarar ƙasan ramin, ruwa yana bin haɓarsa. Bridget ta tallafe masa ƙeya tana cewa a hankali. Da ya gama ya mayar da ganyen da kansa, ya ɗora dutsen, ya jingina da kafaɗarta.

Na ce mata su kwana nan, ɗakin Malam a share yake, in wannan kututturen ya ƙafe ga sauran ayabar nan, a sare su duka. Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na ga hawaye suna zubo mata, ba ta ko share ba, don hannunta ɗaya yana riƙe da shi, ɗayan kuma shi yake riƙe da shi.

Na tambaye ta abin da ya ce kafin ya sha.

"Ya ce, yau kin jira ni."