Wutar Rana a Kwalbar Ibrah

Cika baki kan abin da ba a auna ba, shi ne laifin da ya kada Ibrah mai gyaran rediyo a Filinge. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Zamanin soja ne, shekarar da rediyo ta ce wasu Turawa sun kunna irin wutar rana cikin kwalbar ruwan sanyi. Ibrah ya samo kwalba, ya zuba ruwan kanwa, ya tsoma wayoyi daga baturan mota biyu. Ruwa ya yi ɗumi, Ibrah ya ce shi ma ya kunna wutar rana. Kafin ranar kasuwa labari ya kai Bonkuku. Kumandan mai mulkin garin da kansa ya zo rumfar Ibrah, ya taɓa kwalba, ya ce gobe zai buga waya Yamai.

Magagi na tsaye cikin taron. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ramin yuraniyom na arewa, aikinsa awon hasken da ido ba ya gani. Ya san kushe abin da soja ya yaba jan wutsiyar damisa ne, kuma gidan kaso ba nisa. Amma in wayar nan ta tafi, duk ƙasarsu ta Kurfai za a yi wa dariya.

"Ranka shi daɗe, a ba ni izini in auna."

"Auna mi?" in ji Ibrah. "Tsoho, hannunka ya mutu ne? Taɓa ka ji!"

"Ɗumi ko kashin saniya na da shi, ƙanena. Wutar da kake faɗi ba ta ci shiru. Sai ta watso ɓoyayyen haske iri biyu, nutron da gama, masu ratsa bango da ƙashi. In da ita ta ɗuma ruwan ga, da tun jiya mun yi maka salla."

Magagi ya je gida ya ɗauko tsohon akwatin awonsa da wata tsakuwa rawaya ta ramin. Ya kara akwatin jikin tsakuwa, sai ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ya kai shi jikin kwalba: ƙyas, sai can ƙyas, yadda yake yi ko a bakin rijiya.

"Ba ni ɓoye maka, ranka shi daɗe, akwatin ga bai kama nutron sosai. Amma inda nutron ya bi, hasken gama na biye, ga shi babu. Batur ne ke dafa ruwa."

Kumandan ya juyo wajen Magagi. Ya miƙa masa hannu biyu, ya ce, "Baba, ka raba ni da kunya."

Ibrah kuwa, jandarma suka kwashe baturansa biyu, aka rufe rumfarsa wata uku, aka karɓe gyaran rediyon ofis daga hannunsa, kwana huɗu kuma yana sharar bariki.