Allurar Motar Alhaji Abarshi

Duk Gure babu wanda bai san Fijo 403 ta Alhaji Abarshi mai kanti ba. Tsohuwa ce, ruwan toka, ya saye ta a hannun wani Bature likitan dabbobi da ya koma gida bayan shekarun fari. Baturen ya bar mata wani ɗan agogo mai allura ɗaya da ya maƙala a tabulo, wato allon gaban direba. Ba lokaci yake nunawa ba, ƙarfin wutar batir yake aunawa. Alhaji ya fi ƙaunar agogon nan da motar kanta. In ya ɗauki mutum sai ya nuna masa da yatsa, ya ce, "Ka gani? Sha biyu cif. Motar kwamandan gari ma ba ta da irinsa."

A daminar 1976 allurar ta soma wulaƙanta shi. Ana cikin tafiya sai ta yi rawa, ta kwanta a sifiri, kamar batir ya mutu. Alhaji ya aika Damagaram aka kawo sabon batir. Ta sake kwantawa. Ya sa aka kwance dinamo mai cajin batir aka kai can aka duba, aka dawo da shi lafiya lau. Duk wannan bai taɓa zuwa wajen Aisami makanike ba, saboda Aisami ya taɓa ce masa a gaban jama'a, "Alhaji, kai dai tsaya ga atamfa."

Aisami tsohon soja ne, a bariki ya koyi gyaran mota. Garejinsa rumfa ce da inuwar bishiyar bedi a bayan kasuwa. Yana jin labarin allurar, yana ta dariya shi kaɗai. Sai ran nan da la'asar Mairamu, matar Alhaji, ta shigo gidan Aisami wai gaida iyali. 'Yar kawunsa ce, taubasai ne, tun suna yara ba su ganin juna ba tare da tsiya ba.

"Tsohon soja mai gudun yaƙi," ta ce, "yau da buƙata na zo."

"Ai na sani. Ke ba ki zuwa sai da yunwa."

Ta zauna ta zayyana masa. 'Yar ƙanwarta ta haihu a Bune, suna saura kwana huɗu, Alhaji kuma ya rantse ba zai ɗauke ta ba. Wai ya lura allurar ba ta faɗuwa sai in ita ce zaune a kujerar gaba. Jininsu bai haɗu ba, ita da motar. Ya ce ta bi kamiyon da ke ɗaukar gero.

"Shekara talatin ina gidansa, yau ƙarfe ya fi ni?"

Aisami ya daina dariya, ya tambaye ta ko gaskiya ne sai tana ciki. Ta ce gaskiya ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Wannan ya hana shi sukuni. Washegari ya je kanti, ya yi sallama, ya sunkuyar da kai kamar mai neman gafara. Ya ce shi bai taɓa ganin agogo irin wannan ba, a taimaka a bar shi ya ƙara ilimi. Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya tuƙo motar da kansa har gindin bedi.

Da ya tayar da ita, allura na kwance.

"Ka gani? Jiya na kai Mairamu unguwa, har yanzu motar ba ta huce ba."

Aisami ya danna ham, ta yi ƙara har awaki suka watse. Ya kunna fitilu, ko da rana ana ganin haskensu. Ya buɗe kapo, murfin inji, ya taɓa igiyar dinamo, a ɗaure take tamau. Ya ɗauko kwan fitila mai waya biyu ya ɗora a kan batir, kwan ya haska fes.

"Alhaji, batir ɗinka ya fi ni lafiya. Agogon ne ke yi maka ƙarya."

"Agogon Turawa? Ƙarya?"

"Shi ma waya biyu gare shi. Ɗaya tana kawo masa wuta, ɗaya tana komawa jikin mota, ita muke kira mas. In guda ta saki, sai ya ce babu wuta, alhali tana nan."

Ya kwanta rigingine a ƙasan tabulo, ƙafafunsa a waje. Kafin ya ga komai hancinsa ya gaya masa. Ya miƙa hannu bayan agogon, ya jawo wani ƙunshi mai sanyi, tsumma jiƙaƙƙe an naɗe da ganye. Ya kwance a hankali. Goro ne, fari da ja, manya-manya, guda bakwai.

Duk kasuwa an san likita ya hana Alhaji goro tun bara saboda bugun zuciya, an kuma san Mairamu ce ke gadin wannan doka, har aljihunsa take lalubawa. Aisami ya kalli inda ƙunshin ya fito. Damshi ya sa bakin wayar mas ya yi tsatsa kore, ƙusar da ke riƙe ta kuma ta yi sako-sako. Ya tura wayar da yatsa, ya ji Alhaji ya ce, "Ta tashi!" Ya sake ta, ya ji, "Ta kwanta!"

Ya fito da kansa, ƙunshin a tafin hannunsa.

"Alhaji, in kai kaɗai ne a mota, ina kake ajiye wannan?"

Alhaji ya waiga dama da hagu. Da ƙyar ya ce, "A kan kujera."

"In Mairamu za ta shiga fa?"

Alhaji ya kalli goron, ya kalli agogon, ya cire hula ya share gumi.

"Malam Aisami," ya ce, yau har da Malam, "maganar nan ta tsaya a gindin bishiyar nan."

"To, ni dai makanike ne. In an tambaye ni abin da na samu..."

"Don Allah, don Annabi."

Aisami ya koma ƙasa yana danne dariya. Ya kwance wayar, ya kankare tsatsar da bakin wuƙa har tagulla ta fito, ya goge wurin da take zama a jikin ƙarfe, ya ɗaure ƙusar da kule, wato sufana, ya shafa ɗan giris. Allura ta miƙe ta tsaya a sha biyu. Ya girgiza tabulo, ko motsi ba ta yi ba.

"An gama," ya ce. "Saura gwaji. Doka ce ta aikinmu, wanda aka zarga shi ake gwadawa da shi. Kuma tafiya mai nisa ake so, kan rairayi, kamar a ce daga nan zuwa Bune."

Alhaji ya harare shi, ya gane inda aka nufa. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙunshin, Aisami ya riga shi.

"Wannan dattin da na ciro daga mota ne. Ba a mayar da datti."

Ran suna da sassafe Fijo ta biyo ta gaban gareji. Mairamu na gaba, ta sha lalle da sabon zane, kwanukan barka a baya. Ta sa aka tsaya, ta leƙo.

"Tsohon soja, me ka samu a cikinta?"

Aisami ya dubi Alhaji, wanda ya ƙura wa hanya ido kamar bai ji ba. Ya ɓalle goro a hankali, ya jefa a baki, ya tauna.

"Sanyi ne ya kama ta. A daina ajiye mata abu mai damshi."

Mairamu ta kalli bakinsa, ta kalli mijinta, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, mu je, kada a raɗa suna babu mu."

Kwana biyu suka yi a Bune. Da suka dawo, Alhaji ya zauna a bakin kanti yana ba mutane labari cewa dinamo ne, kuma shi ya gano da kansa, Aisami kule kawai ya riƙe masa. Aisami yana tsaye a bayan taron, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka aka yi." Da mutane suka watse ya matso, ya tambayi farashin yadi biyar na shadda da matarsa ta daɗe tana so. Alhaji ya yi tsaki, ya tashi ya ɗauko almakashi, ba zancen kuɗi.