Alkaki a Hannun Sahabi

Rabi tana tsugune a gaban murhu tana juya miya sa'ad da ta hangi surukarta, Inna, ta gutsuro alkaki ta miƙa wa Sahabi. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya waiwayo ya dubi uwarsa, don shi ma da shekarunsa huɗu ya san an hana shi. Inna ta bi idonsa, ita ma ta dubi Rabi. Rabi ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da juya miyar da ta riga ta nuna.

Sahabi ɗanta ne na fari, kuma a gidan Inna da ke Nahuce, uwa ba ta nuna ta san da zaman ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, balle ta ce a ba shi wannan a hana shi wancan. Ga shi yau bikin Sa'adiya ne, ƙanwar mijinta, tsakar gida cike da mata, wasunsu ba abin da suke jira sai 'yar birni ta yi abin faɗi.

A gidanta na Gusau abin da sauƙi. Tun da likita ya ce jikin yaron ba ya ɗaukar alkama, ta kori burodi da taliya da biskit, har maƙwabta suka san kada su ba shi. Da safe a motar haya mijinta Tajuddeen ya ce, "In mun isa ki hwaɗa ma Inna." Ta ce to. A mota kam faɗin to ba ya da wuya.

Gutsure ɗaya ne, ta ce a ranta, Allah zai kiyaye. Tana cikin wannan lissafi Inna ta ƙara masa na biyu, tana tsokanarsa. "Ci, angona. Birni sunka kai ka sunka ramar min da kai."

Ba a kai ga sauke tukunya ba leɓen yaron ya kumbura. Borin jini ya feso masa a wuya da ciki, ido ya rufe, numfashinsa ya soma fita da ƙara. Wata ta ce iska ce, wata ta ce kambun baka, wata ta tafi neman garwashin hayaki. Rabi ta san ko mene ne. Duk da haka sai ta ja wata yarinya gefe ta raɗa mata ta kira Tajuddeen daga zaure.

Lokacin wahalar man fetur ne, mota sai an sha jira. Da kyar suka samu akori-kura mai kai dawa Bunguɗu. Inna ta rungumi yaron ta shiga gaba, Rabi ta hau kan buhuna a baya, inda ya dace da mai kunya. Tana jin tarinsa ta bayan ƙarfe, kowane tari kuma ta san laifinta ne. Ta tsani kanta, ta tsani miyar, ta tsani matan da ta ji tsoron bakinsu, waɗanda yanzu suna can suna cin tuwonsu.

A asibiti wata nas mai suna Rahila ta karɓe shi. "Me ya ci?"

"Tuwo," in ji Inna, "sai ɗan alkaki."

"Alkaki?" Tajuddeen ya dafe kai. "Inna, alkama ce ba ya ci. Likita ya hana."

Inna ta dubi tafin hannunta, ta goge shi a zani.

Aka yi masa allura, aka sa masa ruwa. Sai bayan la'asar numfashin ya daidaita, ya yi barci da bakinsa a kumbure. Inna tana zaune a bakin gadon, Rabi tana ƙasa kusa da ƙofa. Tajuddeen ya juyo gare ta, muryarsa a ƙasa, amma da ya yi tsawa da ya fi mata sauƙi.

"Ke kina ina anka ba shi?"

Rabi ta ɗago za ta amsa. Inna ta riga ta.

"Tana wurin tukunya, ta ba mu baya. Ba ta gani ba. Ni na ba shi, ni za ka yi ma hwaɗa."

Ba ta dubi Rabi ba da ta faɗi haka. Tajuddeen ya fita sayen magani. Rabi ta ji rufin asirin ya fi mata zagi zafi, hawaye ya zubo mata ba ta share ba.

Can yaron ya motsa, ya miƙa hannu yana lalube. Rabi ta tashi ta tsallaka ɗakin, ta zauna a kan gadon a gaban surukarta, ta ɗora kansa a cinyarta. Inna ta matsa mata, ta gyara wa yaron zani a ƙafa.

"Lissafa min," in ji tsohuwar a hankali. "Mi da mi ne ba ya ci?"