Tarin Hambali Mai Haƙar Rijiya

A unguwar su Hambali, a Dugabau, magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowa zai ɗauko kwanonsa ya fito ƙofar gidan Alhaji Faruk, a shimfiɗa tabarmi, a jera kwanuka a tsakiya, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Tun Hambali yana sabon ango yake zuwa wannan ciyayya, har furfura ta fito masa. Yanzu kuwa ya daɗe rabonsa da sa hannu a kwano ɗaya da wani.

Ba wanda ya kore shi. Tari ne ya kama shi, busasshe, mai tsayar da numfashi. Da farko aka ware masa moɗar shan ruwa. Daga baya, in an zo kan kwanonsa, sai kowa ya ce ya ƙoshi. Ranar da ya ga Maiturare, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya janye kwano gefe don tarin ya taso masa, ranar ya daina fita.

Mutane suna da dalilinsu. Uwaisu, abokin aikinsa na haƙar rijiya, irin wannan tarin ne ya yi ajalinsa bara. Sai magana ta bazu cewa tibi ne, ɗaya ya shafa wa ɗaya a cikin rami.

A asibiti a Gwarzo an gwada kakinsa, an sake gwadawa, ba a ga tibi ba. Aka tura shi Kano. Can wata likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wannan ba ciwon da ake ɗauka ba ne. Huhunka ne ya yi tabo. Ka taɓa shaƙar ƙura mai yawa?"

"'Yata, ni da nake haƙar rijiya? Ƙura ai da ita na girma."

"Ita ma tana yi. Amma naka ya yi kama da na wanda ya shaƙi hodar magani. Ka tuna da kyau."

Sai a mota, a hanyar komawa, abin ya faɗo masa.

Wata damina ce, shekarun baya, aka kwana ana ruwa. Da hantsi ɗakin ajiyar Alhaji Faruk ya rufta, shi kuma yana ciki. Aka ruga aka kira Hambali da Uwaisu, don su suka san yadda ake cire ƙasa ba tare da ta danne na ƙarƙashi ba. Da suka ɗaga azara ta farko, wata farar hoda ta tashi daga buhunan da suka fashe, mai wari, mai yaji a ido. Sauran jama'a suka ja da baya. Su biyu suka kutsa, ko ƙyalle ba su ɗaura a hanci ba, suna tono da hannu saboda suna jin nishin Alhaji. Sai wajen azahar suka zaro shi da rai. Ranar Alhaji ya riƙe hannun Hambali a gaban kowa yana hawaye, ya ce ya zama ɗan'uwansa har abada.

Washegarin dawowarsa daga Kano, Hambali ya sami Alhaji a zaure shi kaɗai. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona, aka tambayi jiki. Hambali ya faɗi abin da likita ta ce, sannan ya tambaya a hankali.

"Alhaji, mene ne a cikin buhunan nan?"

Alhaji ya buɗe baki zai amsa, numfashi ya sarƙe masa. Ya leƙa ƙofa, ya zura hannu a aljihun ciki, ya zaro wani ɗan abin fesawa ya fesa a baki. Hambali ya dube shi, shi ma ya zaro nasa, irinsa sak, wanda aka ba shi jiya.

"Maganin ƙwarin wake ne," in ji Alhaji, murya ƙasa ƙasa. "Irin wanda hukuma ta hana. Tun shekarar nake zuwa Kano."

"Likitanka bai tambayi waɗanda suka tono ka ba?"

"Ya tambaya. Ya ce ku zo a duba ku."

"Ya ce mu zo."

"Malam Hambali, ka gane. Da magana ta fita, da an kama ni, da an rufe shago. Kullum ina cewa gobe zan gaya muku."

Hambali ya tuna Uwaisu a kwance a ɗaki shi kaɗai, 'ya'yansa suna miƙa masa kunu daga bakin ƙofa.

"Ban zo tonon asiri ba, Alhaji. Ba sai ka ambaci hoda ba. Kai suke ji. Ka gaya musu kawai cewa ka tabbatar ba a ɗauka. Ina so in ci abinci da mutane kafin in mutu."

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Wannan ai mai sauƙi ne. Yau ka fito da kwanonka."

Da Hambali ya gaya wa matarsa Marka, sai ta tashi ta kama zakara. Ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta yi miyar kuɓewa ɗanya, ta zuba man shanu, ta wanke murfin kwano har yana ƙyalli.

Bayan magariba ya fito. Maiturare ne ya fara hango shi.

"A'a! Mutumin rami, ashe kana duniya? Mun zaci ka haƙa ka ɓulle Katsina."

"Da na ɓulle ai da na sayo maka turaren kirki, ka daina sayar wa mutane ruwa."

Aka yi dariya, irin ta da. Hambali ya ajiye kwanonsa a tsakiya, ya zauna a bakin tabarma, ya zuba wa Alhaji ido.

Alhaji ya gyara murya. "Jama'a, Malam Hambali ya je Kano, alhamdu lillahi an ba shi magani. Sai mu ci gaba da yi masa addu'a." Aka amsa da amin. "A shimfiɗa masa buzu can gindin darbejiya, ya fi iska."

Hambali ya jira. Alhaji ya ja kwano ya fara buɗewa.

"Alhaji, sauran maganar fa?"

"Wace magana?"

Hambali bai yi niyya ba, amma ya faɗa. Ya ce ba tibi ba ne, likita ta ce ba a ɗauka, hodar ɗakin ajiyar nan ce ta ci huhunsa, ita ce ta ci na Uwaisu. Aka juya ana kallon Alhaji.

Alhaji ya yi murmushi mai tausayi, ya girgiza kai. "Toka ce fa, ta adana wake, wadda kowa yake zubawa. Allah sarki, ciwo ba abin da ba ya sa mutum ya faɗa. To ni da na fi kowa daɗewa a cikinta, ga ni nan. Me ya same ni?"

Suka dube shi, ga shi garau cikin farar shadda. Wani ya ce gaskiya ne. Hambali ya kalli aljihun Alhaji. Zai iya cewa a duba, amma wa zai sa hannu a aljihun mutum a ƙofar gidansa? Ya ja numfashi zai ƙara magana, tarin ya turnuƙe shi. Da ya ɗago, idonsa da hawaye, ya ga kowa ya rufe kwanonsa da murfi. Maiturare ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Hambali ya miƙa hannu ya ɗauki kwanonsa. Ba wanda ya ce ya zauna.

"Allah Ya ƙara sauƙi, Malam Hambali," in ji Alhaji daga bayansa.

Marka tana tsakar gida tana kwashe sauran tuwo. Ta karɓi kwanon, ta ji nauyinsa, ta ɗaga murfin. Man shanun ya daskare a kan miya, ko yatsa ba a sa ba.

"Alhaji bai faɗa ba?"

Hambali ya zauna a kan turmi, ya jira numfashinsa ya daidaita.

"Kawo ruwa mu wanke hannu," ya ce. "Kada zakaranki ya tafi a banza."