Murfin Kwalbar Auta

Mai Agogo mutum ne da ba a ajiye abu a rufe kusa da shi. Shekara ashirin da shida yana zaune a shagonsa mai faɗin tabarma biyu, gilashin ƙara girma maƙale a idonsa na dama, yana leƙa cikin agogon mutane. In aka kawo wanda ya tsaya, sai ya ga abin da ya tsayar da shi. In aka kawo lafiyayye don a sauya masa maɗauri kawai, shi ma sai ya buɗe ya ga abin da ke tafiyar da shi. Matarsa takan ce da za a ba shi ajiyar ƙwai, sai ya fasa ɗaya ya duba.

Abu ɗaya ne ya gagare shi ganewa, wato ƙaninsa Auta. Auta direban babbar mota ne a da. Ya fara shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi a doguwar tafiya, daga biyu ta koma biyar, daga biyar ta wuce ƙirge, har ran da ya faɗi a tasha yana karkarwa, maigidansa ya karɓe makullin mota. Ya dawo gidan yayansa, aka ba shi ɗakin bakin ƙofa. Cikin wata guda agogo uku na mutane suka yi ƙafa daga shago. Mai Agogo bai yi dogon surutu ba, ya sayo kwaɗo ya garƙame aljihun tebur. Auta ya rantse ya daina, ya sake rantsewa, har rantsuwarsa ta zama abin da ba mai ɗaga kai in ya yi ta. Haka ƙwaya take yi wa mutum: kafin ta ci jikinsa, sai ta cinye maganarsa.

Da aka ji cewa a saman benen asibiti ana gwajin wani magani mai rage kwaɗayin ƙwaya, Mai Agogo ya sa ƙaninsa a gaba suka je. Likitan, wani dogo mai furfura a gemu, ya zaunar da su ya yi bayani dalla-dalla. Mako goma sha biyu ne. Kowa zai riƙa zuwa ranar Alhamis, a gwada fitsarinsa, a zauna da shi a yi masa nasiha. Amma rabin mutanen ne za su sami maganin da ake gwadawa, sauran rabin ƙwayar da za a ba su babu komai a cikinta sai sitaci.

"To shi wanne za ku ba shi?" in ji Mai Agogo.

"Ban sani ba."

"Likita, kai ne fa likitan."

"Ni ne. Na'ura ce ke rabawa, mu lamba kawai muke gani a jikin kwalba. Da na sani, fuskata za ta gaya masa. In na san na gaske yake sha, zan riƙa ganin sauƙi ko babu sauƙin. In na san sitaci ne, zan riƙa dubansa da tausayi, shi kuma ya karaya. To a ƙarshe ta yaya za mu gane aikin magani daga aikin fuskata?"

Auta ya ce ya yarda, ya sa hannu a takarda da kansa. Nas ta shiga da shi ɗakin ciki don ta nuna masa yadda zai riƙa shan maganin. Mai Agogo ya zauna a benci yana kallon agogon bango, wanda ya lura yana baya da minti bakwai.

A mako na biyar gida ya fara ganin sauyi. Auta yana tashi da wuri, yana cinye abin da aka zuba masa har ya nemi ƙari, ya kuma sami aikin wankin mota a bayan tasha. Matar yayansa ta fara tsokanarsa.

"Ka ga ƙanin miji ya fara kumatu! Saura ka fara gaishe ni da safe."

"Ai sai kin fara cika min kwano, Anti."

Kowa na murna, ban da Mai Agogo, wanda tambaya ɗaya ta hana shi sakat. In maganin gaske ne, to magani ne ya yi aiki, ba laifi. Amma in sitaci ne fa? Ke nan duk shekarun nan yaron zai iya dainawa ya ƙi? Ke nan agogo ukun nan da kunyar da ya sha a gaban masu su, duk da gangan ne? Yana cikin ɗaura allurar agogo sai hannunsa ya tsaya, ya yi ta juya maganar.

Ranar Talata da tsakar rana ya ja ƙofar shago ya koma gida. Auta na wurin aiki, ɗakinsa kuma ba a kulle shi. Kwalbar na kan taga, fara, da lamba a jiki, da wani murfi mai kauri da nauyi. Ya ji nauyin a hannunsa, ya ce a ransa don yara ne aka yi shi haka, ya murɗe. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya rufe. Ya duba ta da gilashinsa, babu rubutu, babu tsaga. Ya murƙushe ta da bayan cokali ya lasa. Ɗaci. Ya sake buɗewa ya ɗauki wata ya jefa a kofin ruwa, ya tsaya yana kallon yadda take narkewa, kamar narkewar za ta yi masa magana. Ya buɗe ya shinshina, ya rufe. Ya buɗe ya zazzage su a tafin hannu ya ga ko duk girmansu ɗaya, ya mayar. Ta uku ya ɗora ta a cokali ya kanga a wuta.

Warin ne ya fito da matarsa daga ɗakin girki.

"Maigida, yau kuma likita ka zama?"

"Dubawa kawai nake yi."

"Ka duba ka bar masa na sha dai. Mutanen nan da karatunsu sun ce ba su sani ba, kai da cokalina za ka sani?"

Bai kula ta ba. Washegari ya sake shiga, ya ɗauki ta huɗu ya kai wa abokinsa mai kemis. Wannan ya juya ta, ya lasa, ya yi dariya.

"Ɗacin nan ba shaida ba ne. Masu irin wannan gwaji sukan sa wa sitacin ɗaci da gangan, saboda irinku."

Ranar Alhamis suka hau bene kamar kullum. Nas ɗin mace ce gajera mai saurin hannu, ba ta da wasa in tana aiki. Ta karɓi kwalbar, ta cire murfin ta kifa shi a kan wata 'yar na'ura da ke haɗe da kwamfuta. Mai Agogo bai taɓa shiga ɗakin ciki ba sai yau, don an ce a mako na shida ana son jin ta bakin dangi. Ya miƙa wuya yana kallo. Layuka suka fito a allon.

Nas ta daɗe tana duba su. Sannan ta zazzage ƙwayoyin a faranti ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Auta, tun ranar farko na gaya maka murfin nan yana rubuta duk lokacin da aka buɗe shi."

"Kin gaya min, Sista."

"Sau ɗaya a rana muka ce. Mako biyar ba ka saɓa ba, ƙarfe bakwai na safe. Shekaranjiya an buɗe sau tara. Jiya sau uku. Ƙwaya huɗu babu."

Mai Agogo ya janye wuyansa daga allon.

"Wallahi ban sha ba," in ji Auta. "Ɗaya nake sha. Wallahi, Sista."

"Fitsarinka fes yake, ban ce ka koma wa waccan ƙwayar ta da ba. Amma wanda ya fara ninka wannan, dole mu tsayar da shi. Ba horo ba ne, ba mu san abin da yawansa zai yi wa jikinka ba. In kuma ba wa wani ka yi, ya fi muni. Bari in kira likita."

Auta ya juyo ya dubi yayansa. Ba kallon tuhuma ba ne, don ko kusa bai kawo hakan a ransa ba. Kallon mai neman mutum ɗaya da zai yarda da shi ne.

"Yaya, kai ma ba ka yarda ba ko? Na san na sha yin rantsuwa. Amma wannan karon gaskiya nake faɗa."

A nan ne ya kamata Mai Agogo ya buɗe baki, amma bai buɗe ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi allon, ya gyara hularsa. Gaskiya ita ce ya yi lissafin ya yi shiru: wa zai zargi mai shago, magidanci, alhali ga ɗan ƙwaya a zaune? Wannan lissafin mugu ne, kuma ya yi shi, na tsawon lokacin da likita ya ɗauka daga ofishinsa zuwa ƙofa. Da likita ya ja kujera ya ɗauko takardar cire mutum daga gwaji, Auta ya sunkuyar da kai ya daina magana. Shirun nan ne yayansa ya kasa ɗauka.

"Likita, ajiye biron. Ni ne."

Duka suka juyo.

"Ɗaya na daka, ɗaya na jiƙa, ɗaya na ƙona. Ta huɗun tana wurin mai kemis, ya lashe rabinta."

"Ka ƙona?" in ji nas.

"A cokali."

"Don me, bawan Allah?"

"So nake in san ko na gaske ne."

Likita ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa na rawa. Nas kuwa ba ta ga abin dariya ba. Ta juya allon ta nuna lokutan da yatsa.

"Sha biyu da rabi zuwa ɗaya saura. Auta, ina kake a lokacin?"

"Ina wurin wanki. Maigidana zai shaida."

"To, Malam, ka ji. Saura ƙiris ka fitar da ƙaninka daga abin da ya yi mako biyar yana riƙe da shi da haƙora. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mutum ɗari biyu ke cikin gwajin nan. Kowane layin ƙarya da ya shiga littafinmu, wani can gaba ne zai sha maganin da bai dace ba."

Mai Agogo, wanda bai saba a yi masa faɗa ba, ya ce, "Haka ne." Likita ya rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, ya sa shi ya sa hannu a ƙasa, ya mayar da waccan takardar cikin aljihun tebur. Aka ba Auta sabuwar kwalba.

Sun kai bakin ƙofa Mai Agogo ya waiwayo.

"Likita, tunda dai an zo nan, tsakanina da kai, wanne ne?"

"Tsakanina da kai, ban sani ba."

"To tsohon murfin nan, in kun gama da shi..."

"Malam!" in ji nas. Ya fita da sauri.

Suka kama hanya har suka wuce tasha. Yayan yana ta neman yadda ake ba ƙani haƙuri, abin da bai taɓa yi ba, kalmomin suka ƙi haɗuwa. Auta ne ya fara magana.

"Yaya, kwaɗon nan na aljihun teburinka, a ina ka saya?"

"Me za ka yi da shi?"

"Ɗakina zan sa wa."

Mai Agogo ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya kauce masa. Da suka isa shago ya ciro makulli, ya kwance kwaɗon daga aljihun teburin, ya haɗa da makullan biyu ya miƙa wa ƙaninsa.

"Ba sai ka saya ba. Ɗauki wannan."

Auta ya juya shi a hannu, ya dubi aljihun da aka bari a buɗe, da agogon mutane jere a ciki.

"Duka makullan biyu, Yaya?"

"Duka. In ka bar min ɗaya, na san kaina."