Shaidar Mai Hular Kankana

Duk Litinin ɗin da kulob ɗinmu ya sha kashi, kofi ya fi tafiya a shagona. Manoman garinmu ba sa iya haɗiye baƙin ciki a gida, sai sun zo sun juye min shi a kan tebur. Wannan Litinin ɗin kuma an kwana ana ruwa, alkama ta jiƙe, babu mai shiga gona, don haka tun kafin in soya ƙwan farko teburin bakin taga ya cika.

Ga abin da ya faru ran Lahadi a filin wasanmu na birnin Regina. Saura ƙiris a tashi, muna baya da ɗan maki, mai jifanmu ya cilla ƙwallo can kusurwar gidan ci, wato ƙarshen filin da ake samun maki. Ɗan wasanmu, wani yaro mai dogon wuya, ya yi tsalle ya cafe, ya je ya daki allunan da ke gaban 'yan kallo. A ƙwallonmu na Kanada, wanda ake jifa ana cafewa da hannu, in ƙafa ɗaya ta sauka cikin fili, ta wadatar. Alƙalin wasa ya ce a kan layi ta sauka, wato ta fita, babu maki. Aka kai ƙara wurin masu duba bidiyo, suka shanya jama'a a tsaye, daga ƙarshe suka ce wani mai ɗaukar hoto ya tare kyamara, babu hujja bayyananniya, hukunci yana nan yadda yake.

To, a wannan kusurwar, a layin gaba, nan kujerar Orest Boyko take tun matarsa tana da rai. Ya haura saba'in da biyar, amma duk wasan gida sai ya ƙwaƙule kankana ya kifa ɓawon a kansa kamar sauran mahaukatan magoya bayanmu, ya ja tsohuwar a-kori-kurarsa ya tafi shi kaɗai. Wannan tuƙin ne ya hana 'yarsa Darlene barci. Tun bazara ya goge akwatin wasiƙun maƙwabcinsa, ya kuma karya min sandar allon shago, duka ta hannun hagu. Ta nemo masa ganin likitan ido, ya ce ba shi zuwa. Ya san in likita ya rubuta, lasisi ya tafi. Gonarsa tana can nesa da gari, mu kuma ko bas ba ta biyowa ta nan. Ran da ya rasa mota, ran nan zai tattara ya koma ɗakin ƙasa a gidan Darlene nan cikin gari, ya kuwa gwammace komai a kan haka. Ni ina bayan Darlene, ban ɓoye masa ba, shi ya sa yake ce min 'yar leƙen asiri.

Da ya shigo, sai da aka tashi aka ba shi kujerar tsakiya.

Merv Tkachuk, wanda bakinsa ba ya shiru ko a coci, ya ce, "Ga shaida ya iso. Tsoho, gaya wa wannan bawan na'urar abin da ka gani."

Bawan na'urar shi ne Lorne Friesen mai sayar da iri. Shi kaɗai ne a teburin ya yarda da duba bidiyo, kullum kuma shi ake yi wa taron dangi.

Orest ya rataye hularsa a gwiwa, ya kurɓi kofi, ya bar su suna jira. Ya iya jan rai, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

"Ciki ta sauka," in ji shi. "Tsakanin takalminsa da farin layi sai ka ajiye kofin nan. A gabana aka yi, har ciyawa ta fantso min."

Tebur ya ɗauka. Merv ya buga tafi ya ce alƙalin nan ko shanu ba zai ba shi ya ƙirga ba. Wani ya ce dama mutanen gabashin ƙasar ba su taɓa son mu da alheri ba.

Lorne ya ce, "Ni ban ce yaron ya fita ba. Cewa na yi da an ƙara kyamara ɗaya a kan layin, da yanzu ba mu wannan surutun."

"Ƙara ɗari ma," in ji Orest. "Da can alƙali ya yi kuskure, ka zage shi ka tafi gida ka ci abinci. Yanzu sai a tsayar da kai kamar mai jiran sakamakon asibiti, sannan a maimaita maka kuskuren a hankali. Ido Allah ya ba mu, Lorne. Ido ya isa."

"Naka ko na alƙalin?"

"Nawa bai taɓa cin amanata ba."

Na ajiye masa ƙwai da burodi, ya kuwa ga yadda na dube shi.

Nan Lorne ya ciro wayarsa ya ce jikansa ya turo masa wani hoton da wani ɗan kallo ya ɗauka daga bene, ba wanda aka nuna a talabijin ba. Ya roƙe ni in haɗa masa da babban talabijin ɗin bango. Na haɗa, don ni ma ina son a gama in samu teburina.

Hoton yana rawa, amma ana ganin komai. Ga yaron ya taso a guje ta hagu, yana bin gefen alluna. Lorne ya rage gudun hoton, duk suka miƙa wuya suna kallon ƙafa. Ƙafar ta sauka, wani mai babbar riga ya ɗaga hannu daidai nan ya rufe ta. Aka yi tsaki gaba ɗaya.

"Maido baya," in ji Merv. "Kai, ga mutuminmu ma. Ga kankanarka nan, tsoho, ka shiga tarihi."

Lorne ya maido. Wannan karon babu wanda ya kalli ƙafa. Yaron yana tahowa kamar bijimin da ya tsinke, duk mutanen layin gaba suka zabura baya. Matar da ke kusa da Orest ta rufe fuska, wani ya zubar da giyarsa. Orest kaɗai bai motsa ba. Fuskarsa tana can tsakiyar fili, yana kai soyayyun 'ya'yan fure baki kamar gyaɗa yana tofar da ɓawo. Ƙato guda ya zo har ƙarƙashin haɓarsa ta hagu, bai san da shi ba. Sai da alluna suka yi ƙara sannan ya firgita, ya juyo da kansa gaba ɗaya yana neman abin da ya faru. Lokacin yaron yana kwance, ƙafar ta daɗe da barin wurin. Ana ganin Orest ya ja hannun matar yana tambayarta.

Ni da na fi kowa son gaskiyata ta fito, sai na ji tausayinsa ya kama ni har ban so na haɗa wayar ba.

Merv ne ya fara gyaran murya. "Ai hoton nan ba shi da kyau. Babu hujja bayyananniya. Lorne, kashe abin nan."

Lorne ya kai hannu, kunnuwansa sun yi ja.

"Bar shi," in ji Orest. "Sake sa min."

Ya tashi ya je gaban talabijin ɗin ya tsaya, ya saita fuskarsa sosai. Lorne ya sake sawa. Ya ce a ƙara, aka ƙara. Bai zauna ba sai da hoton ya tsaya da kansa.

"Matar ce ta ce min ciki ne," ya faɗa, ba tare da ya dubi kowa ba. "Kafin in iso gida har na ga abin da idona."

"Haba tsoho, kowa yana ɗauke kai a filin wasa," in ji Merv.

"Ta gaban makaranta nake bi da mota in zo nan, Merv, inda yara ke tsallaka titi. Kullum."

Orest ya bar ƙwansa ko taɓawa bai yi ba, ya sa hula ya fita. Ta taga muna ganinsa ya buɗe motar ya zauna a gaban sitiyari, hannu biyu a kai. Na ɗauka tayarwa zai yi, har na fara kwance zanen aikin da na ɗaura a gabana in je in tare shi, ko da za mu ɓata har abada. Ya daɗe a haka, ruwa yana sauka a gilashi. Daga nan ya fito, ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya buɗe ƙofar fasinja ya shiga.

Na ɗauki laima na je na ƙwanƙwasa masa gilashi. Ya sauke rabi.

"Baba Orest, in kawo maka kofin nan?"

"A'a, 'yar leƙen asiri," in ji shi. "Kira min Darlene. Ki ce mata ta taho da ƙafa, akwai mota a nan."