Kujerar Hagu

Shekara talatin yana rubuta sharhin finafinai, kuma babu daraktan da zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa raga masa. Shi ya sa ake kiransa Aska. A gabansa su gaishe shi da hannu biyu, a bayan idonsa su zage shi tas. Abin da ba su sani ba shi ne, shekara biyu ke nan Aska ba ya ganin komai a allon sinima sai haske da inuwa.

Matarsa ce idonsa. Takan zauna a hagunsa ta riƙe masa hannu, tana yi masa raɗa ta bayan mayafi. In fuska ta cika allo, ta matsa tafinsa sau ɗaya. In wuri ya canja, sau biyu. Yaran jarida sai tsokana suke, wai soyayya ta motsa da tsufa. Shi kuwa ya gwammace tsokanar, don ya san ranar da asirinsa ya tonu, ranar zai ajiye alƙalami.

A rana ta huɗu ta wani bikin finafinai, da ƙarfe goma na safe, aka tare su a ƙofar ƙaramin zaure.

"Ki yi haƙuri Mama, wannan na masu sharhi ne kaɗai," in ji mai tsaron ƙofa, wata doguwa mai riƙe da takarda. "Sai mai kati a wuya."

"Kwana uku muna shiga tare," in ji Aska.

"Waɗancan na kowa ne, Baba. Wannan ba a taɓa nuna shi ba."

Sai ga Ɗan Rediyo, tsohon abokin hamayyarsa, wanda bakinsa ba ya shiru ko a wurin jana'iza. "Haba Aska! Awa ɗaya da rabi ba tare da Madam ba, ai ba mutuwa za ka yi ba."

Aka kwashe da dariya. Aska ya yi ta maza ya yi murmushi. Matarsa ta matso kamar za ta gyara masa wuyan riga, ta ce a hankali, "Matakala shida ne, sannan ka yi dama."

Ya ƙirga shida, ya yi dama, ya laluba kujera ya zauna. Aka kashe fitilu. Ya lallashi kansa da cewa ai kunne ma ba baya ba ne, maganar 'yan wasa za ta fitar da shi. Minti biyar, ba wanda ya yi magana. Minti goma, shiru. Nan ya gane fim ɗin ba shi da magana ko ɗaya.

Ya ji shara da tsintsiya. Ya ji famfo yana ɗiga, an ajiye kofi a tebur, an zura sakata. Aka sake, aka kuma sake. Sau ɗaya zauren ya yi dariya, shi ma ya yi, amma a makare. Da ya ankara, sai ya tarar da hannunsa na hagu a buɗe a kan kujerar da babu kowa. Dab da ƙarshe aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka zare sakata, sai dogon shiru. Wata a bayansa ta ja majina, wani ya ce, "Kai!" Aka ajiye kofuna, fitilu suka dawo.

Ka'idar zauren ita ce, babba a cikin masu sharhi shi ke fara magana a gaban darakta. Aka danƙa masa makirufo.

"Fim ne mai haƙuri," in ji shi. "Ya san amfanin shiru."

"Bar kewaye-kewaye," Ɗan Rediyo ya katse shi. "Wanda ya tsaya a bakin ƙofa a ƙarshe, me ka ce a kansa?"

Aska ya shiga lissafi. Miji ne ya dawo, ko ɗa, ko wata mace? Yana iya canka. In ya kuskure, dariyar ba za ta ƙare ba har ya mutu. Yana cikin wannan lissafi sai daraktar ta yi magana, yarinya ce ƙarama.

"Baba, shekara huɗu na yi a kan fim ɗin nan, kuma kai nake tsoro. Fuskar nan ta ƙarshe, ta isar da saƙon?"

Kunya ta kama shi, ta ma fi tsoron ƙarfi.

"Ban ga fuskar ba, 'yata. Ban ga komai ba. Shekara biyu ke nan. Duk sharhin da kuka yaba, da wanda kuka zage ni a kansa, da idon matar da kuka bari a waje aka rubuta shi. Abin da na ji kawai, kullum kofi ɗaya ake ajiyewa, a ƙarshe aka ajiye biyu. Wanda ya sha na biyun ban san shi ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya miƙa makirufo ga iska har wani ya karɓa. Ɗan Rediyo ne ya kama gwiwar hannunsa ya kai shi ƙofa, kuma a karon farko a rayuwarsa bai ce uffan ba.

Matarsa tana zaune a benci a waje, ta miƙe. "Yaya?"

"Na faɗa musu."

Ya ji hannunta ya kama nasa.

"Da ƙarfe biyu za a sake nunawa," in ji shi. Ya cire katin daga wuyansa, ya laluba ya rataya mata. Mai tsaron ƙofa ta dubi takardarta, ta dubi katin, ta kau da kai.

Aska ya zauna a bencin, a inda matarsa ta tashi.

"Ki shiga," ya ce. "Ki dubo min wanda ya zo."